Dogon yaro uku a bakin titi, allunan sola shida a cikin kwali

Tambaya

Assalamu alaikum, Baba. Ni magidanci ne a Gadarif da ke gabashin Sudan, shekarata 41, sana'ata awon riɗi da dawa a kasuwa. Gidanmu gidan gado ne, mita 20 a 20, ƙofarsa na kallon yamma. Ina tare da mahaifiyata da iyalina, da ƙanwata da 'ya'yanta waɗanda suka baro Madani saboda yaƙi tun Disamba 2023. Hajiya na fama da ciwon sukari, allurarta ta insulin kuma sai da firji, ga shi wuta ta zama baƙuwa. Ƙanena da ke Jidda ya turo kuɗi, muka sayi allunan sola shida masu wat 550, da inbata mai juya wutarsu ta zama irin ta gida, da batirin litiyam mai ɗaukar kilo 5 na wuta.

Mai haɗawa ya zo da la'asar sakaliya, ya hau rufin falonmu na gaba, wanda shi kaɗai ne na kankare, ya sauko ya ce aikin banza za a yi in ba a sare dogon yaro uku da ke bakin titi gaban katangarmu ba. Tsayinsu zai kai mita 12, rufin kuma mita 4. Marigayi mahaifina da maƙwabcinmu Alhaji suka dasa su. A gindinsu akwai randunan sabil, wato na ruwan sha sadaka ga masu wucewa, akwai wata baiwar Allah 'yar gudun hijira mai sayar da shayi, nan ne kuma mazan layinmu ke buɗa-baki da azumi.

Na tari Alhaji a ƙofar masallaci na ce masa zan kira masu sara. Ya ce sai dai bayan ransa. Tun ranar sallama kaɗai ke haɗa mu. Matata ta ce lafiyar Hajiya ta fi icce. Ƙanena kullum sai ya bugo yana tambayar me ake jira. Wani abokina ya ce in zuba gishiri da baƙin mai a saiwarsu da dare, su bushe da kansu, babu mai zargina. Yau sati uku kayan na cikin kwali. Ya zan yi?

Ɗanka, daga Gadarif

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa ƙanenka da alheri. Halin wuta kuwa duk mun san shi. Tun da jirage marasa matuƙi suka kai wa tashar wutar lantarki ta Marawi hari a farkon 2025, kowane mai hali ya koma kallon sama, don haka ban ga laifinka ba da ka ƙagu.

Bari in fara kawar da shawarar abokinka, don kada ta kwana a zuciyarka. Ka ce babu mai zarginka? Kai da ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce za ka kira masu sara, Alhaji ya hana, sai wata biyu bayan nan itatuwa uku su bushe rana ɗaya gaban gidanka, ka ce ba za a san mai aikin ba? Yaran layin ma sai sun sani. Kuma dogon yaron da ya bushe a tsaye ba ya tafiya ko'ina. Yana nan har guguwar farkon damina ta zo ta kayar da shi, ko kan katangarka, ko kan rumfar mai shayi, ko kan yaron da ya tsaya shan ruwa a randa. Ƙasar da ta sha gishiri da baƙin mai kuma ta daɗe ba ta sake karɓar shuka ba. Wannan abokin ka ci gaba da gaisawa da shi, amma ka daina kai masa matsalarka.

To, ga abin da na gani a wasiƙarka. Ka ɗauki maganar mutum ɗaya, wanda ya hau rufi ɗaya, sau ɗaya, da la'asar sakaliya, ka mai da ita hukuncin alƙali. Gidan da ke kallon yamma, da itatuwa a yammacinsa, wane ne zai hau rufin gabansa a wannan lokacin bai tarar da inuwa ba? Da ya zo da hantsi da rana ce za ta koro shi ƙasa. Ban ce maƙaryaci ne ba. Rufin kankare ya fi masa sauƙi, ya huda, ya ɗaure, ya karɓi kuɗinsa kafin magariba. Shi sauƙin aikinsa ya duba, kai kuma za ka zauna da Alhaji har ƙarshen rayuwar ɗayanku.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce allon sola ba ya ƙaunar inuwa, ko 'yar kaɗan. Yawanci ana jera alluna ne a kan waya ɗaya, wutar wannan ta bi ta cikin wancan, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure da igiya ɗaya. In raƙumi guda ya yi ɗingishi, duk ayarin ya rage tafiya. Kowane allo an kasa cikinsa uku, kowane kashi da wata 'yar na'ura da ke ba wuta hanyar kewayawa in inuwa ta faɗa masa, don haka reshe ɗaya da ya gitta na iya kashe sulusin allon ko da bai rufe ko tafin hannu biyu ba. In kuma inuwar kullum wuri ɗaya take faɗawa, wurin ya riƙa ɗaukar zafi har allon ya lalace kafin lokacinsa. Saboda haka a kan rufin falon nan, ƙarƙashin rassan da suka leƙo, ni ma ba zan sa allo ba. A nan na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne, wa ya ce gidan mai mita 400 ba shi da wani wuri sai rufin falo?

Zo mu yi lissafi irin na malamanmu na zaure, waɗanda tun kafin agogo suke auna inuwa da ƙafa su fitar da lokacin salla. Ka san ƙa'idar: la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage masa lokacin zawali, wato tsakar rana. Gadarif na kan daraja 14 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta saman kanku, har ta ɗan karkata arewa, inuwar zawali ba ta taka kara ta karya ba. Sauran watannin tana kudu, kuma ta fi yin ƙasa wajen 21 ga Disamba. A ranar, inuwar zawali takan kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon abu. Itatuwanka sun ɗara rufi da mita 8. Ke nan da kiran la'asar inuwarsu a tsayin rufi za ta miƙe kamar mita 8 ko 9 da bazara, da hunturu kuma ta kai mita 14, sai dai ta hunturun ba gabas sak take yi ba, arewa maso gabas take kwantawa, domin ranar na kudu maso yamma. Gidanka mita 20 ne. Ka ga kusurwar kudu maso gabas, wato can ƙuryar gida ta hannun dama in ka shigo daga titi, inuwar nan da wuya ta taka ta kafin la'asar a kowane wata.

Me ya sa na kafe a kan la'asar? Saboda allon sola manomin hantsi ne da azahar. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da yake samarwa a yini yana samunsa ne a awa uku kafin zawali da awa uku bayansa. Abin da ya saura daga kiran la'asar zuwa faɗuwar rana bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, ko sama da haka kaɗan, kuma ko a inuwa allon ba ya mutuwa murus, yana ɗan tsintar hasken sarari. Ka lura kuma, zawalinku ba ƙarfe 12 ba ne. Tun da aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya a 2017, rana na kaiwa tsaka a Gadarif tsakanin 11:20 da 11:50 gwargwadon wata. Wato awoyinka masu tsada daga kamar 8:30 ne zuwa 2:30. Itatuwan yamma ba su da iko da safiyarka ko kaɗan. Da a gabas ko kudu suke, da wata maganar muke yi.

Sai mu duba cikinka da abincinka. Allo shida masu wat 550 a rana mai kyau, bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya da inbata ke ci, za su ba ka wajen kilo 13 ko 14, irin kilon da kake saya a mitar nan da mutanenmu suka raɗa wa suna jamra. Firji na gida a zafinmu yana shan kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Fanka uku na awa 12, kusan kilo uku. Fitilu, waya, talabijin, ka ce kilo ɗaya. Mukayyif na ruwa, wato injin sanyaya ɗaki, in ka kunna wa Hajiya na awa 8, kilo biyu. Duka ba ka wuce takwas ba. Batirinka kuwa kilo 5 kawai yake ɗauka, kuma a mafi yawan ranaku zai cika kafin a fito daga azahar. Bayan ya cika, duk wutar da allunan suka iya bayarwa wadda gida bai sha ba, a sama take tsayawa. Ka ga ashe rigimar da kake shirin yi da dattijo ɗan saba'in, a kan ragowar da ba ka da rumbun zuba ta ce.

Kada in yi maka daɗin baki, akwai asara kaɗan. Idan inuwa ta rufe allunan da la'asar, gida zai fara jan batir da wuri, da awa ɗaya ko biyu, kuma a daren bazara da fankoki ke juyawa har asuba za ka iya jin wannan giɓin. Maganinsa tsari ne: guga, injin jan ruwa zuwa tanki, injin markaɗe, duk a yi su da hantsi. In hali ya samu nan gaba a ƙara batir. Ko da ka sare itatuwan uku, batirin kilo 5 ba zai zama na kilo 10 ba.

Abin da zan so ka yi gobe shi ne ka ba yini ɗaya haƙƙinsa. Allah ya taimake ka wasiƙarka ta zo a Nuwamba, lokacin da inuwa ke dab da kai maƙurarta, don haka abin da ka gani yanzu kusan shi ne mafi muni a shekara. Ka sami gawayi ko alli. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kowace awa ka zana bakin inuwa a tsakar gida, ka rubuta lokacin a gefe, ka ɗauki hoto da waya. In kasuwa ba za ta bar ka ba, ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanwarka da ke zaune babu makaranta zai yi shi da murna. Kada ka kalli itatuwan kaɗai. Ka duba katangar gabas, da ginin maƙwabcin baya, da tankin ruwa, da sandar dish, domin su ne ɓarayin safiya, kuma safiya ta fi yamma tsada. Ka tuna inuwar ƙasa ta fi ta sama tsawo. Duk wurin da ka ga rana na dukan ƙasarsa daga 8:30 har la'asar, to a tsayin mita uku ko huɗu ya fi haka samun rana.

In ka sami wurin, sai maƙeri. Kowane allo tsawonsa kamar mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa na kusa da kilo 28. Shida a layi biyu za su ci wuri kamar mita uku da rabi a huɗu da rabi. Wannan ai girman rakuba ce, wato rumfar tsakar gida. A kafa ƙarafa, a ɗora allunan a sama suna kallon kudu, a karkace da kamar daraja 15 don ruwan sama ya riƙa wanke su, ƙasansu ya zama rumfar da mata za su yi girki, Hajiya ta sa angarib ɗinta, gadonta na igiya, da rana. Akwai ƙarin riba biyu. Allon da iska ke ratsa ƙarƙashinsa ya fi wanda ke kwance kan kankare mai zafi bayar da wuta, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk daraja uku da ya hau sama da 25. Na biyu, abin da ke ƙuryar gida ba ya tsone wa mai wucewa ido, a wannan zamani da allo ya zama kadara. Sai dai ka tsaya a kan maƙerin. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ta kumbura da damina ta tsage da rani, don haka ƙafafun su nutse sosai cikin kankare, allunan kuma a ɗaure su da ƙusoshi masu noti, kada a ɗaure da waya. Iskar da ke zuwa gaban hadari a garinku ta sha ɗauke rufin kwano. Inbata da batir su matso kusa da rumfar a ɗaki mai iska, wayar ta zama mai kauri, a sa makatsar wuta, a binne sandar kariya daga tsawa. Alluna shida a jere na iya haɗa bolt kusan 300, ba abin wasan yara ba ne. Duk wannan zai ci kuɗin ƙarfe da siminti, na sani. Ka tambayi mai sara nawa zai karɓa a kan manyan itatuwa uku da ke jingine da katanga, ka kwatanta.

Yanzu bari in ba ka labarin wautata. Shekarun baya a gidana na Madani akwai dogon yaro ɗaya yamma da ɗakin kwanana. Ganye ya ishe mu, kullum shara, jemagu su ci 'ya'yansa su ɓata mana shanya. Wata Juma'a na kira yara biyu da gatari, kafin la'asar sun gama. Na tsaya ina kallon sarari ina jin daɗi. Bazara na shigowa na gane kurena. Bangon da bai taɓa ganin ranar yamma ba ya riƙa shan ta tun azahar, in ka ɗora tafin hannu a kansa bayan isha'i sai ka ji kamar murhun da aka sauke wa tukunya yanzu. Matashin kai ma zafi yake yi. Muka kwashe shimfiɗa muka koma tsakar gida, na je na ci bashi na sayi mukayyif. An sayar da kare an sayi biri. Kututturen kuma bai mutu ba, ya fito da tofo fiye da goma. A damina ta biyu bangon ya tsage daga ƙasa har taga. Wani injiniya ya ce mini iccen ne ke shanye ruwan lakar da ke ƙarƙashin ginin shekara da shekaru, da na kawar da shi sai ƙasar ta ƙoshi ta kumbura ta ɗaga harsashin. Lakarku ta Gadarif irin ta Jazira ce, yankin da Madani take, in ba ta fi ba. Falonka na kankare da ke fuskantar yamma, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura daraja 40, waɗannan itatuwan ne mukayyif ɗinsa na farko, kuma ba sa jan ko wat ɗaya daga batirinka.

Sai maganar haƙƙi. Itatuwan a wajen katangarka suke, a kan titi, titi kuwa na jama'a ne, ƙarƙashin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Akwai hukumar gandun daji, akwai dokarta ta 2002, kuma saran icce ba da izini ba na iya kai mutum gaban hukuma. Ka bar ta hukuma ma, ka je wurin limaminku ka ce ya buɗe maka Muhtasar na Shehu Halil, babin tarayya. A can an ce ana yanke abin da ya cutar da bango daga iccen maƙwabci idan iccen ne ya zo daga baya, in kuwa ya riga ginin, malamai sun yi zance biyu. An kuma ce ba a hana mutum abin da zai tare wa maƙwabcinsa haske ko rana ko iska, sai dai in masussuka ce. Mai son gardama zai ce allon sola ai ɗan'uwan masussuka ne, tunda shi ma da rana yake ci. Wannan na bar wa malamai. Amma ko a hakan, masussukar da ake karewa ita ce wadda aka tarar, aka zo daga baya za a tare ta. A nan itatuwan sun girme ka, allunanka kuwa ko daga kwali ba su fito ba. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa yana kare Hajiya, yana kuma kare mai shayin da ba ta da wani shago sai wannan inuwar.

Ka kuma yi tunanin abin da Alhaji ya ji. Dogon yaro, ko nim, ko darbejiya, ko maina, ko bedi, duk yadda kakarka ke kiransa, baƙo ne a ƙasar nan, daga Indiya aka kawo shi zamanin Ingilishi. Bai tsiro da kansa a ƙofar gidanku ba. A garin da ruwa ya daɗe yana wahalar da mutane kamar Gadarif, raya dashe uku har su kama ƙasa yana nufin wani ya yi rani biyu ko uku yana raba ruwan da ya saya da kuɗinsa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Mutum biyu suka yi wannan, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu musulmin da zai dasa icce, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka gare shi. Mu kuma jikokin matafiya ne. Waɗanda suka taho da ƙafa daga Kano da Sakkwato, suka ratsa Abeche da Jinena da Fashir da Ubayyid suna neman Sawakin, tashar jirgin ruwa ta zuwa Makka, da waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903, sun san farashin inuwa. Kai ka ce masa za ka sare icce. Shi abin da ya ji shi ne ɗan amininsa zai rufe wa mahaifinsa asusu. Kuma a ƙofar masallaci, gaban mutane, ba shawara ka kai masa ba, sanarwa ka yi.

Don haka kai ne za ka taka. Kada ka aika, kada ka jira ku haɗu a hanya. Ka je gidansa da hantsi ko bayan magariba, kai da kawunka ko liman, da ɗan garin bunna na dafa gahawa ko goro a hannu. Ka zauna ƙasa. Ka ce, Baba, na yi garaje, damuwar jikin Hajiya ce ta rufe mini ido, ka yafe mini, itatuwan nan ba zan taɓa su ba. Ka tsaya a nan, kada ka biyo da amma. In fuskarsa ta saki, ka gaya masa kana auna inuwa don ka sami inda za ka kafa allunan, kana so ya zo ya duba maka. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana zama a gindinsu ya fi kowane injiniya sanin inda inuwarsu ke kaiwa a kowane wata. Zai gaya maka, har da abin da ba ka tambaya ba.

Sassabe kuma daban yake da sara, a nan kana da magana. Rassan da suka tsallako katanga suna gugar rufin falo, da busassun da ke iya faɗowa, ya kamata a rage su ko babu sola. Dogon yaro na jure aski, yana sake tofowa. Amma ka bar wannan sai zama na biyu ko na uku, ya fito daga bakin Alhaji in zai yiwu, a sanar da kwamitin unguwa, a yi shi kafin damina, yana tsaye yana nuna reshen da za a taɓa. In awonka ya nuna cewa kan icce ɗaya, wataƙila na kudun, yana leƙo rumfar kafin la'asar da hunturu, a rage masa tsawo mita biyu ta wannan hanyar. Ko kuma mai haɗawa ya raba allunan gida biyu, in inbatarka na da mashiga biyu, waɗanda inuwa ke fara taɓawa su zama ayarinsu daban. In ya ce shi dai rufin falo ko ya fasa, Gadarif ba ta rasa masu haɗa sola ba.

Idan wuta ta kama, ka ja waya ɗaya mai kyau cikin bututu zuwa gindin iccen tsakiya, da fis ɗinta, ka rataya ƙwan fitila ɗaya mai wat 10. Awa biyar a dare bai kai ko rabin rubu'in kilo ba. Mai shayi ta samu na ganin kofunanta, masu buɗa-baki su ga abin da ke cikin kwano, masu tarawihi su ga takalmansu. Soket na cajin waya kuwa ka yi tunani sau biyu, domin ranar da ka sa shi layinku zai gano yana da dangi har Kassala.

Ƙanenka ka tura masa hotunan inuwar awa bayan awa, da zanen rumfar, da abin da maƙeri ya yanka. Mutumin da ke gumi a Jidda yana so ya ga kuɗinsa na motsi ne kawai. Maiɗakinka kuma gaskiya ta faɗa, lafiyar Hajiya ta fi icce. Ka nuna mata cewa ba a kai ga zaɓi tsakanin biyun ba, kuma ita ce za ta fi kowa morar rumfar.

Kafin aikin ya kammala, kada allurar ta jira shi. Kwalaben da ba a buɗe ba ka kai su ajiya firjin wani mai sola ko kantin magani da ka amince da shi. Wadda ake amfani da ita, yawancin irinta na jure sati huɗu in zafin wurin bai haura daraja 30 ba, amma ka tabbatar da irin tata wurin likitanta. Ka sa ta cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, ka ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda rana ba ta kaiwa, kada ruwa ya shiga, kada kuma a ɗora ta kan ƙanƙara. Ka gaishe mini da Hajiya da jiki. In ka gama zanen gawayin, ka turo mini hoton ƙarfe 2 da na ƙarfe 3.